Ga mai tambaya ko ƙaramin madubi zai kama fashewar gama

Ɗan'uwa, na ga tambayarka tun shekaranjiya, na bari sai na samu natsuwa. Ka ce ka haɗa madubin hangen nesa mai faɗin inci 8 da kyamara, kana son sanin ko zai iya kama fashewar gama, in kuma zai iya, ta ina ake farawa. Na kusa shekara tara ina wannan bin sahu da madubi mai inci 10, don haka bari in faɗa maka abin da na gani, har da inda na sha kunya.

Fashewar kanta ba za ka gan ta ba, ni ma ban taɓa ganinta ba. Hasken gama, wani haske mai tsananin ƙarfi da ido ba ya gani, ba ya ratsa iskar da ta lulluɓe duniya, shi ya sa taurarin ɗan'adam ne ke kama shi daga can sama. Ga shi ba ya daɗewa: wata fashewar ba ta kai daƙiƙa 2 ba, wata ta yi minti ɗaya ko 'yan mintoci, shi ke nan. Abin da mu na ƙasa muke bi shi ne garwashin da ta bari. Idan wani ƙaton tauraro ya rufta cikin kansa ya zama baƙin rami, ko taurarin nutron biyu (dunƙulallun ragowar matattun taurari) suka yi karo, sai wani siririn feshi ya fito da gudun da ya kusa na haske. In feshin nan ya saitu da mu, taurarin ɗan'adam su ga gama. Daga nan sai feshin ya ci karo da iskar gas da ke kewaye, wurin ya ɗau zafi, ya shiga ba da hasken eksire da hasken da ido ke gani da na rediyo, yana dusashewa. Wannan garwashin madubinka zai iya kamawa, wani lokaci, in ka isa da wuri.

Duk sana'ar a kan abu biyu ta tsaya: ina ne, kuma ƙarfe nawa ka isa. Manyan masana ma a nan suka maƙale shekara talatin. Taurarin Vela na sojan Amurka, waɗanda aka harba don sa ido ko wani zai karya yarjejeniyar hana gwajin nukiliya ta 1963, su suka fara kama fashewa a ranar 2 ga Yuli 1967, ba a kuma buga labarin ba sai 1973. Daga 1991 na'urar BATSE da ke kan tauraron Compton ta riƙa kama kusan ɗaya kowace rana, har ta tara 2,704, ta nuna cewa daga kowane ɓangare na sama suke zuwa ba bambanci. Sai dai in ta ce maka "ga wurin", wurin nan faɗinsa digiri da yawa ne, alhali farin wata duka rabin digiri ne. Allura cikin ruwa ke nan. Sai ranar 28 ga Fabrairu 1997 tauraron BeppoSAX na Italiya da Holan ya matse da'irar sosai, tawagar Jan van Paradijs ta juya madubin William Herschel mai mita 4.2 da ke tsibirin La Palma, bayan kimanin awa 20 ta ga wani ɗigo, da aka koma bayan 'yan kwanaki ya dusashe. Garwashin farko ke nan da aka gani da hasken ido. A watan Mayu na shekarar aka auna nisan wani da madubin Keck, gardamar ko a cikin galaksinmu (tarin taurarin da ranarmu ke ciki) suke ko a can nesa ta mutu: biliyoyin shekarun haske ne.

Na kawo wannan ne don ka san wace sanarwa za ka tashi dominta. Sanarwar tana zuwa ta GCN, hanyar da hukumar NASA ke rarraba labarin cikin daƙiƙoƙi, kuma kowa na iya yin rajista. Amma ba kowane alat ne naka ba. Na tauraron Fermi ya fi yawa, kusan biyu a kwana uku, sai dai da'irarsa kan yi faɗin da za a jera farin wata ɗaruruwa a ciki, kyamararka kuwa wataƙila wata ɗaya take ɗauka a hoto guda. Shekarata ta farko na ɓata dare da dama ina bin irin waɗannan, ina ɗaukar hoto ƙyalle-ƙyalle kamar mai ɗinkin faci, ban tsira da komai ba sai ciwon baya. Waɗannan na na'urori masu faffaɗan ido ne. Naka shi ne irin na Swift, wanda aka harba a Nuwamba 2004: a yadda aka tsara shi, cikin daƙiƙoƙi yana ba da da'irar da ba ta wuce kashi ɗaya cikin biyar na faɗin wata ba, sannan ya juya da kansa cikin minti ɗaya zuwa biyu, madubinsa na eksire ya ƙara matse wurin har ya zama ɗan ɗigo a hotonka. Daga 2024 an samu ƙarin masu kawo labari, Einstein Probe na Sin da SVOM na haɗin gwiwar Sin da Faransa.

Yanzu lissafin da ya kamata ka haddace. A mafi yawan lokuta garwashin yana dusashewa kusan daidai da yadda lokaci ke ninkuwa: lokaci ya ninka goma, haske ya ragu kusan ninki goma, wato maki biyu da rabi a ma'aunin hasken taurari. Ka san ma'aunin nan a juye yake, lamba na hawa haske na raguwa, ido tsirara kuma a wajen 6 yake tsayawa. Ɗauki garwashi mai kyau da ke kan maki 16 a minti na 10. A minti na 100, wato awa ɗaya da minti 40 da fashewar, ya koma 18 da rabi. Kafin gobe da daddare ya kai 21. Madubina, in sama ta yi tas na kuma haɗa hotuna da yawa wuri ɗaya, yana kaiwa wajen 19 zuwa 20, naka zai ɗan gaza haka kaɗan. Ka ga ke nan awa biyu ko uku na farko su ne rabonka, bayan nan sai manya. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Shi ya sa in wani ya ce mini zai sayi madubin da ya fi girma saboda wannan aiki, nakan ce ya fara tambayar kansa minti nawa yake ɗauka daga ƙarar waya zuwa hoton farko. Ni da na fara minti 50 nake yi. Yanzu in madubin na waje a saite, kyamara ta riga ta yi sanyi, minti 6 zuwa 8.

Ka kuma saukar da buri. Fashewar da aka san wurinta sosai ba ta wuce kamar biyu a mako ba. Cire waɗanda suka zo da rana, da waɗanda ke ƙarƙashin ƙafarka ta ɗaya gefen duniya, da na kusa da farin wata, da daren hadari, da daren da barci ya sace ka. Sannan da yawa ba su da garwashin da ido zai gani ko da ka isa a kan kari: wasu ƙurar galaksinsu ta rufe su, wasu nisa ne ya ja haskensu ya wuce ja, kamar GRB 090423 (GRB taƙaicen sunan fashewar gama ne a Turance) wanda ya tashi tun sararin samaniya na da shekara miliyan 630 kacal, ba a gan shi ba sai da na'urorin infrared. A shekara ina samun damar gaske sau biyar ko shida. Waɗanda na kama da tabbaci a duk shekarun nan ba su cika yatsun hannu ɗaya ba.

Kunyar da na ce na sha kuwa, ga ta. Wani dare wajen ƙarfe biyu saura wayata ta yi ƙara. Na fita ko takalmi ban sa daidai ba, na buga lambobin wurin, na ɗauki hotuna biyar na daƙiƙa 60. Na ɗora nawa kan tsohon hoton wurin, ina kunna wannan ina kashe wancan, sai ga wani ɗigo a gefen da'irar yana ɓullowa yana ɓacewa: a nawa akwai shi, a tsohon babu. Hannuna har rawa yake. Nan take na rubuta wa abokan da muke wannan aiki tare cewa na samu. Wani dattijo a cikinmu, wanda ya riga ni shiga harkar da shekaru, ya amsa da layi ɗaya: "Malam, ƙara ɗauka bayan minti arba'in, ka gaya mini ko yana nan inda yake." Na ɗauka. Ɗigon ya matsa, haskensa kuma bai ragu ko kaɗan ba. Ashe ɗaya daga cikin duwatsun da ke zagaya rana ne ya ratso ta wurin, sananne ma, yana cikin kundin Minor Planet Center, cibiyar da ke ajiye lissafin irin duwatsun nan, da na duba da minti ɗaya ya ishe ni. Allah ya rufa asiri ban aika wa GCN ba, inda masu manyan madubai ke karantawa su yanke shawarar ko su katse aikinsu.

Tun daga ranar, kafin in buɗe baki sai ɗigon ya amsa mini tambayoyi. Yana cikin kowane hoto, ko a ɗaya kawai? In a ɗaya ne, ƙwayar zarra ce daga sama ta bugi kyamara, kuma za ka gane ta don gefenta kaifi ne, ba ta da laushin tauraro. In na ɗan gusar da madubi, yana tafiya tare da taurari ko yana nan a gurbinsa na kyamara? In bai gusa ba, lalataccen ɗigo ne na kyamarar. Babu shi a tsofaffin hotunan sama da aka adana, irin na Digitized Sky Survey da na Pan-STARRS? Babu shi a kundin duwatsu? Sannan babbar: yana dusashewa? Garwashi ba ya motsi, kuma in ka ba shi lokaci sai ya ragu, ko da ya ɗan yi tsalle a farko. Wani abin da ya taɓa cin mini dare sukutum: sanarwar tana ba da wurin iri biyu, da digiri da kuma awa da minti, ni kuma cikin magagin barci na zuba na digiri a gurbin awa. Hotuna sun yi kyau ƙwarai, na wani yanki na sama da ba ruwansa da komai. Agogon kwamfutarka ma ka mayar da shi kan lokacin UT, wato lokacin bai ɗaya da masana taurari ke aiki da shi, ka bar shi a can, don awon haske da ba a san mintinsa ba ba shi da amfani ga kowa.

Daren da na fara samu na gaske bai zo da wani armashi ba. Ɗan ɗigo ne fari-fari, daidai inda eksire ya nuna, wanda sai da na haɗa hotuna goma ya fito sosai. Na haɗa goma na gaba, ya rage. Na gaba, da ƙyar. Kafin asuba babu shi. Na zauna ina kallon hotunan nan uku a jere, ina tuna cewa da hasken nan ya baro gida wataƙila ko duniyarmu ba a yi ba. Ba ni na fara ganinsa ba, na'urori masu sarrafa kansu sun riga ni da nisa, kuma kusan kullum za su riga ka. Tun Janairu 1999 ɗaya daga cikinsu mai suna ROTSE ta kama GRB 990123 daƙiƙa 22 bayan fara fashewar. Amma awon da na yi ya faɗo a lokacin da gari ya waye wa wasu, dare bai yi wa wasu ba, sai ya cike gurbi a jadawalin dusashewar. Amfaninmu ke nan. Ko ba ka ga komai ba, in ka rubuta cewa a minti kaza babu abin da ya kai maki kaza a wurin, ka ba da labari mai amfani, muddin ka auna da gaskiya ba ka ƙara gishiri ba.

Kada kuma ka ce 'yan sha'awa ba sa riga kowa. Berto Monard na Afirka ta Kudu shi ya gano garwashin GRB 030725 a 2003 da madubi mai inci 12, Arto Oksanen na Finlan ya gano na GRB 071010B a 2007. Af, sunayen nan kwanan wata ne kawai: shekara, wata, rana, sai harafi da ke nuna ta nawa ce a ranar. Akwai ma na ranar 19 ga Maris 2008, GRB 080319B, wanda ya kai maki 5.3, ma'ana na kusan rabin minti ido tsirara zai iya ganin abin da haskensa ya yi tafiyar shekara biliyan 7.5. Kyamarori ne a Chile suka ɗauke shi. A Agusta 2017 kuma, da taurarin nutron biyu suka yi karo a galaksin NGC 4993, madubin Swope mai mita ɗaya kacal ne ya fara ganin haskensa bayan kusan awa 11, don masu shi ba su tsaya share da'irar duka ba, galaksi-galaksin da ke cikinta suka bi ɗaya bayan ɗaya.

Abin da zan ce ka yi a makon nan, kada ka jira alat. Ɗauko tsohuwar sanarwar Swift da wurinta ke sama da kai da daddare, ka ba wani ya kira ka a lokacin da ya ga dama, ka kunna agogo, ka ga minti nawa za ka yi kafin hoton farko ya sauka. Cire matatar launi ko ka sa ja, fara da daƙiƙa 30, ka riƙa tsawaitawa yayin da lokaci ke tafiya. Sai ka haɗa hotunan ka nemo tauraro mafi dusashewa da za ka iya rantsewa a kansa, ka duba makinsa a kundi. Turo mana lambobin nan biyu, mintocin da makin, tare da sunan kyamarar, in duba maka waɗanne sanarwa ya kamata ka bari su tashe ka daga barci.