Thoroughbred sunan jinsi ne, ba kirari ba

Wa'alaikumus salam. Ɗan'uwa, ka ce wani dillali ya nuna maka doki ya ce thoroughbred ne, kana tambaya ko kalmar tana nufin doki mai jini zalla wanda ba gauraye. Na daɗe ina kiwon dawaki, kuma ni ma da wannan kalmar aka taɓa cin kuɗina.

A bakin masu dawaki, Thoroughbred sunan jinsi ɗaya ne tak, shi ya sa ake fara rubuta shi da babban baƙi. Dokin sukuwa ne da Turawan Ingila suka samar a ƙarni na 17 da na 18, suka riƙa haɗa goɗiyoyinsu da ingarmun da suka kawo daga Gabas. Duk Thoroughbred da ke duniya yau, in ka bi tsatsonsa ta wajen uba, a kan ɗayan ingarmu uku za ka tsaya: Byerley Turk, da Darley Arabian wanda aka sayo a Halab ta Siriya a 1704, da Godolphin Arabian. Tun 1791 suke rubuta uwa da uban kowanne a kundin General Stud Book. Ka ga ke nan wanda ake yi wa kirarin tsarkin jini shi kansa ruwa biyu ne tun asali, kundin ne ya rufe ƙofa daga baya.

Kalmar da ta dace da abin da kake nufi ita ce purebred. Ita ake faɗa wa kowace dabba da uwa da uba jinsinsu ɗaya, ko rago balami, ko saniya bunaji, ko kare. Dokin Larabawa zalla purebred ne, amma ba Thoroughbred ba ne. Pedigree kuwa ita ce salsalar da aka rubuta.

Dokin da aka ci kuɗina da shi dogo ne, ga siraran ƙafafu, ga wuya, ga zafin nama. Ban nemi takarda ba, na biya. Sai da wani dattijo da ya tsufa a barga ya zagaya shi sau biyu, ya yi murmushi ya ce, "Alhaji, wannan ai uwarsa 'yar Sudan ce." Dokin bai yi min laifin komai ba, na hau shi shekaru, kuɗin da na zuba ne ba nasa ba. Thoroughbred na gaske yana zuwa da fasfo mai sunan uwa da uba, kuma ba a yi masa rajista sai in barbara aka yi ta zahiri, ba ta allura ba. Zuwa daga waje ma ba hujja ba ce, don da yawan dawakin folo na Ajantina an gauraya su da jinsinsu na gida, Criollo.

Za ka kuma ji ana cewa hot-blooded da cold-blooded, wato mai zafin jini da mai sanyin jini. Wannan ba ruwansa da rukunin jini irin na asibiti, kuma zafin jikin dawaki duk kusan digiri 38 ne. Hali ake nufi: na Larabawa da Thoroughbred masu rawar kai ne, manyan dawakin jan keke na Turai irin su Shire masu sanyin hali.

Turawa kan kira mutum ko mota thoroughbred don yabo, kamar mu ce ɗan asali. Amma kar ka taɓa ce wa mutum half-breed, zagi ne, daidai da barbarar yanyawa.

In don hawan sallah kake nema, ni ba zan ba ka shawarar sa ba. Fatarsa sirara ce, ga saurin firgita, 'yan bindiga na bugawa sai ka yi da gaske kafin ka riƙe linzami. Ka ce dillalin ya kawo fasfo. In ya fara yi maka zancen kyan ƙirji da tsayi, ka taya shi a kuɗin dokin gida.