Malamin jami'a zai iya zama jami'in diflomasiyya?

Ƙanena, ka ce kana digiri na biyu a kimiyyar siyasa a Jos, kana tambaya ko za a iya haɗa bincike da aikin jakadanci kan siyasar Afirka ta Yamma. Ana iyawa ƙwarai.

Dubi Farfesa Ibrahim Gambari. Ya yi digirin digirgir a Jami'ar Kolombiya da ke Amurka, ya koyar a ABU Zariya, ya zama ministan harkokin waje a 1984, sannan ya wakilci Najeriya a Majalisar Ɗinkin Duniya daga 1990 zuwa 1999.

Ni dai shawarata, ka kama yanki ɗaya, kamar Tafkin Chadi, ka san shi ciki da bai. Sannan don Allah ka koyi Faransanci. Nijar, Chadi, Kamaru da Benin duk da shi suke aiki. Na taɓa halartar wani taro a Abuja, na'urar fassara a kunnena. Da aka fita shan shayi, inda ake ainihin maganar, sai na tsaya riƙe da kofi ina kallon bakin mutane. Har yau abin yana min ciwo.

Kuskuren da na fi gani shi ne jiran naɗi daga sama. Ƙofar da aka sani ita ce Hukumar Ɗaukar Ma'aikatan Tarayya, kuma duk wanda ya ce ka kawo kuɗi ya samo maka gurbi, ka guje shi. Kan ƙa'idojin shiga, nemi tsohon jakada ka zauna da shi. Malamin da ke duba aikinka zai iya haɗa ka da masu bincike a NIPSS, wato cibiyar nazarin manufofi da dabaru ta ƙasa da ke Kuru, tunda ba nisa da Jos.