Butar shayin nan ta Spode ce kuwa?

Tambaya: Na sayi tsohuwar butar shayi ta tangaran a kasuwar kayan da a Landan, fara mai zanen furanni da tsuntsaye shuɗi-shuɗi. A gindinta an buga "Asiatic Pheasants", can ƙasa kuma ENGLAND. Mai sayarwa ya rantse mini ta Spode ce, shahararriyar masana'antar tangaran ta Ingila, ta wajen 1800. Gaskiya ne?

Amsa: Ranki ya daɗe, butarki 'yar Ingila ce, amma mai sayarwa ya ƙara gishiri. Kalmar ENGLAND ɗin nan ita ta tona shi. Masu tangaran sun fara buga ta ne daga 1891, bayan dokar harajin McKinley ta Amurka ta tilasta rubuta ƙasar da kaya suka fito a jikin duk abin da za a shigar Amurka. Kuma da daga masana'antar Spode ta fito a wannan zamanin, sunan Copeland za ki gani, don a 1833 kamfanin ya koma hannun iyalin Copeland.

"Asiatic Pheasants" kuwa sunan zane ne, ba na maƙeri ba, kuma nan mutane da yawa ke faɗawa. Irin wannan ado ba da hannu ake zana shi ba. Sassaƙa shi ake yi a farantin jan ƙarfe, a cika da shuɗin kobalt, a ɗauka da siririyar takarda a manna a jikin buta, sannan a shafa ruwan ƙyalli a gasa. Masu sassaƙar suna sayar wa duk wanda ya biya, masana'antun Staffordshire, yankin masu tangaran na Ingila, kuma suna kwaikwayon juna ba kunya. Wannan zanen kaɗai, kamfanoni barkatai sun buga shi.

Ki kai ta bakin taga ki juya ta a hankali. Kusa da mariƙi ko bakin zuba shayi za ki ga inda takardar ta haɗu, reshen fure ya katse ko ya hau kan ɗan'uwansa. Ba aibi ba ne. Ni ma shi nake fara nema. Sai ki koma gindi: a jikin tambarin da ke ɗauke da sunan zanen galibi akwai ƙananan haruffa biyu ko uku, farkon sunan kamfani ke nan. Ki shafa da yatsa kuma, wani hatimin dannawa aka yi a ɗanyen yumɓu, ruwan ƙyalli ya cike shi. Idan akwai "Rd No" da lamba, rajistar zanen ko siffar daga 1884 zuwa gaba ce.

Murfin ma ki duba. Idan shuɗinsa ya fi na jiki duhu, ko yana girgiɗi a mazauninsa, aro aka yi daga wata buta, kuma hakan yana rage mata kuɗi sosai.