Ta ina zan kama nazarin littafin tafiyar Mark Twain zuwa Falasɗinu?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a sashen adabin Turanci, an ba mu The Innocents Abroad na Mark Twain. An ce littafin barkwanci ne, amma da na kai babukan Falasɗinu sai raina ya ɓaci saboda yadda yake aibata Larabawa. Na kuma ga ana yawo da kalamansa wai hujja ce ƙasar kufai ce. Ta ina zan kama?

Amsa: Wa alaikumus salam. Fara da sanin yadda aka yi littafin. A watan Yunin 1867 jirgin ruwa mai suna Quaker City ya tashi daga New York da Amurkawa masu yawon buɗe ido, galibinsu dattawa masu riƙo da addinin Kirista, bai dawo ba sai Nuwamba. Jaridar Alta California ta San Francisco ce ta biya wa Twain kuɗin jirgi, dala 1,250, shi kuma yana aiko mata wasiƙu. Waɗannan wasiƙun ya gyara, ya ƙara, littafin ya fito a 1869 da babi 61. Ke nan ɗan jarida ne da aka biya ya ba masu karatu dariya, kuma mai magana a littafin murya ce da ya ƙera, wani lokaci wawa da gangan. Kada ki ɗauki kowace jimla a matsayin ra'ayinsa tsagwaro.

Aikin da zai fi amfanar ki shi ne, a kowane babi ki rubuta a gefen shafi: wa ake yi wa dariya a nan? Za ki tarar sau da yawa abokan tafiyarsa ne. Daga garin Ba'albak na Lebanon zuwa Dimashƙu tafiyar kwana uku ce, amma masu ibadar suka dage a yi ta a kwana biyu don kada a yi tafiya ran Lahadi, suka galabaitar da dawakai. A bakin tekun Galili, mutanen da suka daɗe suna marmarin shiga ruwan da Annabi Isa ya shiga suka tsaya ciniki, mai kwalekwale ya ce dala takwas, suka taya rabi, ya ja abinsa ya tafi. Duk inda suka tsaya kuma sai sun sa guduma sun ɓalli dutse su kai gida tsaraba. Munafunci da rowa yake zolaya a nan.

Abu na biyu da yake caccaka shi ne littattafan tafiya da suka gabace shi. Marubucin da yake kira Grimes, mai yawan kuka da zare bindiga, shaguɓe ne ga William C. Prime, wanda ya rubuta Tent Life in the Holy Land. In ba ki san wannan ba, kukan da Twain ya yi a kabarin da aka ce na Annabi Adamu ne a Kudus zai zame miki shirme, alhali kwaikwayon irin wancan salon yake yi. Nan ɗalibai suka fi faɗuwa a jarrabawa: su ɗauki gatse a matsayin magana ta gaskiya.

Ɓacin ranki kuwa yana da dalili. Yadda ya siffanta Larabawa da Turkawa da ƙazanta da bara da lalaci raini ne, kuma cewa ya yi wa Italiyawa da limaman Katolika irinsa ba ya wanke shi. Dubi yadda shi da abokansa suka raɗa wa kowane ɗan jagora suna Ferguson, daga birnin Paris har ƙasashen Gabas, don sun ƙi wahalar koyon sunansa. Ki kawo irin wannan a rubutunki, ki nuna inda barkwancin ya hau kan mai ƙarfi da inda ya hau kan talaka.

Batun kufai: mutumin ya yi kimanin mako uku ne kacal tsakanin Beirut da Yafa, a kan doki, a watan Satumba, ƙarshen rani a can, lokacin da an gama girbi ƙasa ta bushe. Ba ya jin Larabci. Yana auna abin da ya gani da hotunan da aka cusa masa a makarantar coci tun yana yaro, shi ya sa komai ya yi masa ƙanƙanta. Kuma shi da kansa ya yabi noman kwarin Nablus da lambunan lemun Yafa, sai dai masu yanko kalamansa ba sa kai wa nan. Littafin shaida ne kan idon Ba'amurke na 1867, bai isa ƙidayar jama'a ba.

Wajen karatu, babukan Sham da Falasɗinu suna farawa ne daga wajen babi na 41, amma kada ki tsallake na Italiya, can ya kafa salon. Ajiye taswira kusa, domin sunayen Littafi Mai Tsarki yake amfani da su, kamar Shechem a madadin Nablus. In za ki yi kwatance, wani manazarci, Daniel McKeithan, ya tattara wasiƙun asali a littafi a 1958. A ciki akwai wani Mista Brown mai bakin tsiya da Twain ya cire daga littafin, ya kuma sassauta wasu kalamai don masu saye na gabashin Amurka. Littafin kansa yana nan kyauta a shafin intanet na Project Gutenberg, ki nemi bugun da ke da zane-zanen asali, domin wasu barkwancin a zanen suke.