Amsa ga ƙanena mai neman karatun batir a ƙasar waje

Assalamu alaikum ƙanena. Saƙonka ya iske ni lafiya, kuma na yi murna da jin cewa kana shekarar ƙarshe ta lisans a tsangayar kimiyya ta Jami'ar André Salifou. Ka tambaye ni ko mutum yana iya mayar da binciken batir sana'arsa har ya zama malamin jami'a, da ta wace ƙofa ake shiga, da kuma ko ilimin zai yi maka amfani in ka komo Damagaram. Zan amsa maka gwargwadon abin da na gani a shekarun da na yi a ɗakunan gwaji na nan Faransa.

Ya kamata ka fara sanin kamannin aikin, domin da yawa daga cikin masu zuwa suna zaton za su riƙa harhaɗa manyan batura ne irin na mota. Abin da muke yi a yawancin ranaku bai fi girman kwabo ba, faɗinsa milimita 20, kaurinsa milimita 3.2. Za ka auna garin sinadarin da kake gwadawa, ka haɗa shi da baƙin garin gawayi da wani danƙo, ka dama su kamar kunu, ka shafa a kan fallen alminiyom, ka busar, ka yanka ƴan faifai. Daga nan sai ka zura hannuwanka har kafaɗa cikin safar roba ta wani akwati rufaffe da aka cika da iskar argon, saboda litiyom, ƙarfen da ake sa wa a cikin batirin, ba ya shiri da danshi ko iskar da muke shaƙa, ka jera faifan ɗaya bisa ɗaya da hantsaki, ka ɗiga elektrolit, wato ruwan sinadarin da ke haɗa ɓangarorin batirin biyu, ka matse. Bayan haka sai jira. Idan cika batirin yana cin awa 10, juye shi ma awa 10, zagaye 100 zai ci maka kwana 83, kuma a ƙarshensu kana iya gane cewa tun ranar farko ka yi kuskure. Ni kaina a shekarata ta farko na yi gaggawar buɗe ƙofar akwatin nan ban zuƙe iskar da ke mashigarsa ba, sinadaran mutum biyar suka lalace, na yi mako biyu ina sunkuyar da kai a wurin shan kofi.

Fannin ya ginu ne a kan irin wannan jinkiri. John Goodenough ya gano amfanin sinadarin litiyom da kobalt a Oxford a 1980, kamfanin Sony bai fitar da batirin kasuwa ba sai 1991, lambar Nobel kuwa ba ta iske Goodenough ba, tare da Stanley Whittingham da Akira Yoshino, sai a 2019, yana da shekara 97. Saboda haka abin da nake so ka riƙe da kyau tun yanzu shi ne darussan da ɗalibai suke gudu: ilimin zafi da makamashi, tsarin jeruwar ƙwayoyin zarra a cikin daskararrun abubuwa, lissafin tafiyar lantarki a cikin sinadarai, da ɗan rubuta shirin kwamfuta da Python. Sai Ingilishi. Mu da muka tashi da Faransanci muna raina wannan batu, alhali kusan duk maƙalun fannin da Ingilishi ake buga su, kuma ko a tsakiyar Faransa taron ɗakin gwaji da shi ake yi idan akwai baƙi. Kai da Kano take kusa da kai ba ka da uzuri.

Game da ƙofar shiga, masta ita ce matakin da yake yanke hukunci. Akwai shirin Tarayyar Turai na Erasmus Mundus mai suna MESC, na shekara biyu, wanda ya keɓanta da sinadaran adana makamashi, ɗalibi yana zagaya jami'o'i kamar na Amiyan, Tuluz da Warso, kuma ana ba wasu cikakken tallafi, sai dai masu nema daga duk duniya suke. A Jamus akwai manyan cibiyoyi a biranen Munsta da Ulm. Amma ka san halin da ake ciki: ofishin jakadancin Faransa a Yamai an rufe shi tun Janairun 2024, kuma neman biza daga wata ƙasa yana cin kuɗi da watanni. Don haka kada ka rataya zuciyarka a kan Turai kaɗai. Maroko tana da mafi yawan fosfat na duniya, wanda shi ne ginshiƙin batirin nan na litiyom da ƙarfe da fosfat da ake kira LFP, kuma jami'ar Mohammed VI da ke Bengerir tana bincike na gaske a kansa. Sin kuwa ita ke ƙera mafi yawan baturan duniya, tana kuma ba da tallafin karatu. Ko masta mai kyau a Jami'ar Abdou Moumouni, idan ka samu malamin da ke da abokin aiki a waje, tana iya buɗe maka doktora ta haɗin gwiwa.

Doktora a nan shekara uku ce, da kwangila da albashi, kuma kada ka yarda ka fara ta ba tare da an rubuta daga inda kuɗin zai fito ba. Wajen zaɓe, ka fi duba malamin a kan sunan jami'ar. Ka nemi tsofaffin ɗalibansa ka tambaye su sau nawa yake zama da su a wata, da kuma inda suke aiki yanzu.

Abin da ba a cika gaya wa matasa ba shi ne abin da ke biyo bayan doktora. Kujerar dindindin a jami'a ko a cibiyar bincike ta ƙasa, CNRS, ta hanyar gasa ake samunta, guraben kaɗan ne, masu nema kuma kowa da tarin maƙalunsa. Kafin nan mutum yana yin kwangilolin shekara ɗaya ko biyu, yau a wannan gari, baɗi a wata ƙasa, kuma ga baƙo kamarmu takardar zama tana ɗaure ne da kwangilar, in ta ƙare sai bin layin ofis. Na yi irin wannan kwangila har uku, na yi ƙaura da iyali sau biyu cikin sanyi. Yawancin waɗanda muka gama tare masana'antu suka shiga, inda albashi ya fi, amma can ma ba tudun mun tsira ba ne, tunda kamfanin batura na Northvolt na ƙasar Suwidin, wanda aka ɗora wa burin Turai gaba ɗaya, ya karye a Maris na 2025, ƙwararru da yawa suka koma neman aiki.

Tambayarka ta ƙarshe ita ce ta fi damuna, domin ni ma ita nake kwana da ita. Idan ka ƙware a abin da ba ya yiwuwa sai da akwatin argon da na'urar hangen zarra, ranar da ka koma gida za ka zama malamin allo da alli kawai, ga kuma ƙa'idar CAMES, hukumar da ke tantance malaman jami'o'in ƙasashen Afirka masu Faransanci, da ba ta ƙara wa malami girma sai da maƙalu. Shawarata ita ce ka zaɓi tambayar da za ka iya ɗaukowa a jakarka, kuma babbar tambayar tana nan a ƙofar gidanku. Mu a nan a ma'aunin zafi 25 muke gwada batura, alhali a Afrilu da Mayu Zinder tana wuce 40 a inuwa, balle ɗakin kwano da aka ajiye batirin sola a kusurwarsa. Zafi yana hanzarta cin da sinadarai suke yi wa juna a ciki. Batirin dalma, bisa ƙiyasin da masana suka saba da shi, ransa yana raguwa da rabi duk lokacin da zafi ya ƙaru da kusan digiri 10. Tun da aka yanke wutar da ke zuwa daga Najeriya a Agustan 2023, ka ga yadda faifan sola da batura suka yawaita a Zongo da Sabon Gari, ka kuma ji kukan masu saye cewa ba sa kai shekarun da aka rubuta a kwali. Auna tsufan batir a irin wannan zafi, da tantance tsofaffin baturan da ake shigowa da su, aiki ne da na'urar caji da juyewa mai matsakaicin kuɗi da ma'aunin zafi suke isa a fara shi, kuma mujallun duniya suna buƙatar irin waɗannan alƙaluma. Farfesa Abdou Moumouni Dioffo, ɗan Tasawa, da binciken hasken rana ya yi suna, abin da kowa ke ganin ya yi mana yawa.

Akwai kuma batirin sodiyom, wanda kamfanin Tiamat na Amiyan da manyan kamfanonin Sin suke ƙerawa. Sodiyom ɗin nan shi ne a cikin kanwar da ake kawowa kasuwar Dole daga Manga, kuma gawayin da ake sa wa ɗaya ɓangaren batirin ana iya samunsa daga gasa ɓawon tsirrai a zafin da ya wuce digiri 1000, har da ɓawon gyaɗa irin na Matamaye. Kada ka ɗauka ina cewa gobe za mu ƙera batir da kanwar kunu, domin tsarkin da ake buƙata yana da nisa, amma maudu'in masta ne da zai sa malami a waje ya karanta wasiƙarka har ƙarshe.

Kafin sanyi ya shigo, lokacin da ake buɗe yawancin neman tallafi, ka aiko mini da takardun sakamakonka na shekaru ukun nan da wasiƙar da ka rubuta da Ingilishi in duba. Ka kuma je wurin masu gyaran sola na unguwarku da littafi, ka rubuta irin batirin, da shekarar da aka saye shi, da ɗakin da aka ajiye shi, da watan da ya mutu, ko da guda 30 ne. Ka gaishe mini da Baba da su Inna.