Keken tsere na farko da kuɗi kaɗan

Malam, ka ce kana zaune a Agege, kana son keken tsere na farko, kuma aljihu bai yi nauyi ba. Ni dai shawarata, ka nemi na hannu, wanda 'yan Ikko ke ce wa tokumbo.

Kafin komai, duba girmansa. Mai tsawon santimita 170 zuwa 175 galibi lamba 54 ce daidai da shi. Na farko da na saya ya fi ƙarfina, arha ta ruɗe ni, wata biyu ina fama da ciwon wuya da kafaɗa har na sayar da shi da asara. Ka hau, ka ɗan zagaya kafin ka biya.

Jikin keken ya zama na alminiyam. Na kabon in tsoho ne yakan ɓoye tsagewa a ƙarƙashin fenti, gyaransa kuma sai wane da wane. Ka duba wuraren walda da kyau, ka ɗaga ƙafar keken ka juya ta, in tana lilo akwai aiki. Giya kuwa, Shimano Claris mai hawa 8 ko Sora mai 9 sun ishe ka. Bar giyar Shimano 105, wadda ta fi su daraja, sai ka goge.

Faɗin taya kada ya gaza milimita 28, don ramukan titi da damina ba sa tausayin siririyar taya. Ka ware kuɗin hular kwano, famfo, fitila da kayan faci. Fara fita safiyar Lahadi, kafin motocin haya na danfo su cika titi.