Shin waɗanda suka rasu a hatsarin jirgin Ejigbo shahidai ne?

Tambaya: Malam, mahaifina na cikin hafsoshin da suka rasu a jirgin sojan sama C-130 da ya faɗi a fadamar Ejigbo, Legas, ranar 26 ga Satumba 1992, suna komawa kwalejin soja ta Jaji daga rangadin horo. A lokacin sojojinmu na yaƙi a Laberiya. Wasu na cewa shahidi ne, wasu na cewa ai ba a fagen fama ya mutu ba. Mene ne gaskiya?

Amsa: Allah Ya jiƙansa, 'yata, Ya jiƙan musulmin da ke cikin mutum fiye da 150 ɗin nan.

Kowane ɓangare ya riƙe rabin magana. Shahidin fagen fama shi ne wanda Malikiyya suka ce ba a yi masa wanka ko salla, a binne shi da tufafinsa, kamar mutanen Uhudu. Mahaifinki ba ya cikin wannan hukunci, domin injunan jirgi ne suka mutu jim kaɗan da tashinsa, ba maƙiyi ya harbo shi ba. Irinsa wanka da salla wajibi ne. In gawa ta lalace, a sallaci mafi yawan jiki. In ta cakuɗu da ta waɗanda ba musulmi ba, a yi wa duka salla da niyyar musulmin.

Sai dai shahada ba ta tsaya a bakin daga ba. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira cewa wanda ya nitse da wanda gini ya rufta wa shahidai ne, Muwaɗɗa kuma ta ƙara wanda ya ƙone. Jirgin da ya nutse cikin taɓo da mutane a cikinsa da wuya ya fita daga waɗannan. Shi kansa horon soja ma Allah ne Ya yi umarni da shi a Suratul Anfal, aya ta 60, matuƙar niyya kare rayukan bayinSa ce. Masu raina mutuwar kuskure su tuna Amir ɗan Akwa'u, wanda takobinsa ya dawo ya sare shi har ya rasu a Khaibar. Da mutane suka fara surutu, Annabi (SAW) ya ce lada biyu gare shi.

Don haka muna yi masa fatan shahadar lahira, ba tare da yanke wa wani mutum takamaimai hukunci ba, don niyya Allah kaɗai Ya san ta. Ki kuma bincika ko ya bar bashi, ko da shekaru sun ja, ku biya masa, domin hadisin Muslim ya nuna ana gafarta wa shahidi komai ban da bashi.

Wallahu a'alam.